BABI NA UKU: A'ISHA MACKY DA FINA-FINAN ZAHIRI A KAN RAYUWAR MATA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bitar ayyukan da suka gabata dangane da yadda adabin Hausa, na baka da rubutacce, yake kallon mace. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan rayuwa da ayyukan mace guda, wato Aïcha Macky, wadda a nan gaba za a riƙa rubuta sunanta A'isha Macky. Ita dai 'yar asalin Damagaram ce a Jamhuriyar Nijar, kuma ta yi suna wajen shirya fina-finan zahiri a kan al'amuran mata.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin kawo mutumiyar Damagaram a cikin binciken da farfajiyarsa ita ce ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Dalilai uku ne suka sa haka. Na farko, Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta yi iyaka da jihar Damagaram ta wajen Maigatari da Ɓaɓura, kuma harshe da addini da al'adun aure da haihuwa kusan duk ɗaya ne. Na biyu, batutuwan da ta ɗauka, kamar rashin haihuwa da kunya tsakanin uwa da 'ya, batutuwa ne da matan kudancin Jigawa suke fama da su kullum. Na uku, ayyukanta sun tayar da wata tambaya da ta shafi wannan bincike kai tsaye: shin za a iya ɗaukar hoton rayuwar macen Bahaushe ta cikin gida ba tare da an keta mata sutura ba? Wannan tambaya ce babin zai yi ƙoƙarin amsawa.

3.1 Ma'anar Fim Ɗin Zahiri

Abin da ake nufi da fim ɗin zahiri a wannan bincike shi ne fim ɗin da aka gina shi a kan mutane na gaskiya, a wuraren zamansu na gaskiya, suna faɗin abin da ya same su da bakinsu. Wasu 'yan jarida sukan ari kalmar Turanci su ce dokumantari. Ya bambanta da fim ɗin ƙirƙira irin na Kanawa da aka saba gani tun fitowar Turmin Danya a 1990, inda marubuci yake tsara labari, 'yan wasa su hau kai. Ya kuma bambanta da labaran talabijin, domin ɗan jarida yakan zo ya ɗauki rahoto cikin yini guda ya tafi, shi kuwa mai fim ɗin zahiri yakan shafe watanni ko shekaru tare da mutanen da yake ɗauka.

Masana tarihin fim suna danganta yaɗuwar wannan suna ga John Grierson, mutumin Sikotilan, wanda ya yi amfani da shi a 1926 a sharhin da ya yi wa wani fim na Robert Flaherty. A ra'ayin Grierson, aikin mai irin wannan fim shi ne ya sarrafa abin da ya faru da gaske ta hanyar fasaha. Wato ke nan akwai hannun mai shiryawa a ciki. Shi ne yake zaɓen wanda zai yi magana, da inda za a kafa kyamara, da abin da za a yanke a lokacin tacewa. Saboda haka yana da muhimmanci a san ko wane ne yake riƙe da kyamarar, musamman idan rayuwar mata ake ɗauka.

A ƙasar Hausa, irin wannan fim ya riga fim ɗin ƙirƙira isa ƙauyuka. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939 a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa aikin jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Daga nan motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa suna nuna fina-finai a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a kan tsafta da noman gyaɗa da auduga da biyan haraji. Sai dai majigi murya ce ta hukuma. Talaka kallo ne nasa, mace kuwa in ta fito a ciki, ta fito ne a matsayin wadda ake koya wa wankan jariri ko share gida. Ba a tambayar ta abin da ke ranta.

3.2 Waɗanda Suka Share Fage

Kafin kyamara, alƙalami ne ya fara adana muryar macen Hausa. A tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta, aka buga littafin a 1954 da sunan Baba of Karo. Wani abin lura a nan shi ne ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Ashe ke nan batun da A'isha Macky ta ɗauka bayan fiye da shekara sittin yana nan kwance a cikin wannan littafi.

Ta fuskar fim kuwa, Nijar ta riga maƙwabtanta da yawa farawa. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya daɗe yana ɗaukar fina-finai a ƙasar, kuma ta hannunsa wasu 'yan ƙasa suka shiga sana'ar. Daga cikinsu akwai Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame, mai magana a kan auren dole da kishi, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972. Akwai kuma Moustapha Alassane. Duk waɗannan maza ne.

Mace ta farko da ta shirya fim a Nijar ita ce Mariama Hima, wadda aka haifa a Yamai a 1951. A shekarun 1980 ta yi gajerun fina-finan zahiri a kan masu sana'ar hannu da suke sarrafa tsofaffin tayoyi da ganguna su mayar da su abin amfani. Ɗaya daga ciki sunan Hausa gare shi, Baabu Banza. Bayanta sai Rahmatou Keïta, wadda ta fitar da Al'lèèssi a 2004 a kan rayuwar Zalika Souley, fitacciyar 'yar wasan fim ta farko a ƙasar. Fim ɗin ya nuna yadda matar da aka yi ta tafa wa a bukukuwan duniya ta koma zaman talauci, jama'a kuma suna yi mata kallon 'yar iska saboda rawar da ta taka a wasa. Zalika ta rasu a 2021.

A Arewacin Nijeriya kuwa, matan da suka ɗauki matsalolin mata sun fi bi ta hanyar ƙagaggen labari. Misali shi ne Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, wadda daga baya ta shiga shirya fim. Wannan ya sa idan ana neman Bahaushiyar da ta mayar da fim ɗin zahiri sana'arta, sai an tsallaka iyaka.

3.3 Taƙaitaccen Tarihin A'isha Macky

An haifi A'isha Macky a birnin Damagaram, wanda Faransawa suke kira Zinder, a 1982. Wannan birni shi ne hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa lokacin ita A'isha tana 'yar shekara biyar. Kamar yadda za a gani a gaba, wannan rashi ya zama ginshiƙin fim ɗinta mafi shahara.

Ta yi karatun ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Daga nan ta shiga makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta IFTIC, ita ma a Yamai, sannan ta wuce Jami'ar Gaston Berger da ke birnin Saint-Louis a ƙasar Senigal, inda ta yi digiri na biyu a fannin shirya fim ɗin zahiri. Daga baya ta kafa kamfaninta mai suna Tabous Production. Sunan kamfanin ya samo asali ne daga kalmar da take nufin abin da al'ada ta hana a ambata, kuma wannan ya yi daidai da hanyar da ta ɗauka.

Ana iya cewa karatunta na farko ya yi tasiri a kan aikinta. Mai nazarin zamantakewa yakan tambayi dalilin da ya sa jama'a suke yin abin da suke yi, da wanda ke cin riba, da wanda ke cutuwa. Waɗannan tambayoyi ne ake gani a fina-finanta, sai dai maimakon ta rubuta amsa a takarda, sai ta bar masu abin su faɗa.

3.4 Ayyukanta

3.4.1 Moi et ma maigreur (2011)

Ma'anar sunan wannan gajeren fim ita ce ni da ramata. A cikinsa ta ɗauki kanta a matsayin abin nazari, ta duba yadda al'umma take kallon siririyar mace. A wurare da yawa a Nijar, ƙiba alama ce ta kyau da hutu da kulawar miji, rama kuwa ana fassara ta da ciwo ko wahala ko rowar maigida. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Idan amarya ta je ganin gida, abin da ake fara dubawa shi ne ko ta yi ƙiba. Wannan matsin lamba ne yake kai wasu 'yan mata ga shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda likitoci suka daɗe suna gargaɗin cewa suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

3.4.2 Savoir faire le lit (2013)

Wannan shi ne fim ɗin da ta yi a lokacin karatunta a Senigal, kuma sunansa yana nufin iya gyaran shimfiɗa. Ya shafi yadda uwa take shirya 'yarta domin zaman aure, da kuma shirun da yake tsakaninsu a kan wannan batu. Ta kwatanta abin da ta gani a wurin matan Senigal da abin da ta taso a ciki a gida.

A al'adar Bahaushe, uwa ba ta zama da 'yarta ta yi mata irin wannan bayani, balle idan 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta kamawa. Al'ada ta ɗora wannan nauyi a kan kaka da gwaggo da uwar ɗaki da arwanka. Muddin gidan gandu yana nan, waɗannan mata suna kusa. Amma da zarar gida ya watse, kowa ya ware da matarsa da 'ya'yansa, sai yarinya ta rasa mai gaya mata, ta koma ga ƙawaye da masu tallar kayan mata a waya. Fim ɗin ya taɓo wannan giɓi.

3.4.3 L'Arbre sans fruit (2016)

Wannan fim mai tsawon minti 52, wanda ma'anar sunansa ita ce bishiyar da ba ta 'ya'ya, shi ne ya fito da sunanta a duniya. An shirya shi ne da haɗin gwiwar kamfanin Maggia Images na Sani Magori, mutumin Galmi, da wani kamfanin Faransa, Les Films du Balibari. Ya ci kyautar fim ɗin zahiri mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA da aka yi a Fatakwal a 2016.

A lokacin da ta yi fim ɗin, A'isha matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba. Ta tsara shi kamar wasiƙa zuwa ga mahaifiyarta marigayiya: uwa ta rasa ranta wajen haihuwa, 'ya kuma tana shan azaba saboda rashin haihuwa. Tsakanin waɗannan mata biyu ta sanya muryoyin wasu matan masu irin matsalarta, da bayanan ma'aikatan asibiti da na malaman addini.

Domin a gane nauyin wannan batu, ya kamata a duba alƙaluma. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa a ƙiyasi kowace mace tana haifar 'ya'ya 7.6, wanda shi ne adadi mafi yawa a duniya a lokacin. Irin wannan bincike da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ba da 5.3 ga ƙasa baki ɗaya, da 6.6 ga shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jigawa take. A wurin da kowace maƙwabciya take da goyo, wadda ba ta da shi ba ta da wurin ɓuya. A ɗaya ɓangaren kuma, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na baligai yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Hukumar tana ɗaukar cewa akwai matsala idan ma'aurata sun yi wata 12 suna tare ba tare da tsarin iyali ba, kuma ciki bai samu ba. Likitoci sun tabbatar da cewa matsalar takan fito daga mace, kamar toshewar hanyar ƙwai sakamakon ciwon sanyi ko wahalar haihuwar baya, takan kuma fito daga namiji, kamar ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ko rauninsu. Gwajin namiji ma ya fi na mace sauƙi da araha. Duk da haka, mace ce ake tuhuma, ita ce take yawon asibiti da gidajen masu magani, namiji kuwa sau da yawa sai ya ƙi zuwa gwaji, ya nemi ƙarin aure. Wannan rashin adalci shi ne jigon fim ɗin.

3.4.4 Zinder (2021)

A wannan dogon fim ta koma garinsu, ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da aka ware daga gari. Ta zauna da matasan ƙungiyoyin daba da ake kira pale a can, waɗanda rashin karatu da rashin aiki suka tura ga ɗaga ƙarfe da faɗace-faɗace da fasa-ƙwaurin man fetur daga Nijeriya. An fara nuna shi a bikin Visions du Réel a ƙasar Suwizalan, sannan aka nuna shi a FESPACO a shekarar. Mutanen cikinsa da Hausa suke magana.

Ko da yake maza ne suka fi yawa a cikinsa, bai bar batun mata ba, domin ya nuna mata masu zaman kansu da irin dukan da yankan da suke sha a hannun maza. Har wa yau, shigar mace ita da kyamara cikin unguwar da mazan gari suke shakkar shiga ya nuna cewa amanar da ta koya wajen zama da mata ta yi mata amfani a wani fagen.

3.5 Dabarun Aikinta

Idan aka dubi waɗannan ayyuka gaba ɗaya, za a ga dabaru uku suna maimaituwa.

Dabara ta farko ita ce farawa da kanta. Kafin ta nemi wata mace ta buɗe cikinta, ita ce take fara buɗe nata: ramarta, maraicinta, rashin haihuwarta. Hausawa suna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ake ɗauka tana ganin mai kyamarar a matsayin abokiyar kuka, don haka zancen yakan fito kamar hirar tsakar gida.

Dabara ta biyu ita ce amfani da hanyar da al'ada ta riga ta yarda da ita. Macen Hausa ta daɗe tana faɗin abin da ba ya faɗuwa ta hanyar waƙar niƙa da ta daɓe da habaici da sanya wa yaro ko akuya suna mai saƙo. Ba ta fuskantar miji ko uwar miji kai tsaye. Yin magana da marigayiya uwa, alhali da masu rai ake, wani nau'i ne na wannan hikima. Babu wanda aka kama sunansa da laifi, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dabara ta uku ita ce rashin jayayya da addini. Ta kai tambayar gaban malamai, domin ta san masu kallonta Musulmi ne. Wannan ya dace, domin aya ta 49 da ta 50 na Suratus Shura sun bayyana cewa bayar da 'ya'ya mata ko maza ko hana su gaba ɗaya ikon Allah ne. Bugu da ƙari, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma wannan bai rage mata daraja ba. Saboda haka gorin da ake yi wa mace al'ada ce ta mutane.

3.6 Dangantakar Ayyukanta da Birnin Kudu da Gwaram

Harshen mutane yakan nuna inda suke ɗora laifi. A Hausar wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, macen da ba ta haihuwa ana ce mata juya ko bakarariya. Wadda take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ana ce mata mai wabi, har a sa wa ɗanta suna irin su Ajuji ko Ayashe domin a nuna an fid da rai da shi ko ya tsaya. Amma da wuya a ji wata kalma ta yau da kullum da ake jifan namijin da ba ya haihuwa da ita. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a zauna a tattauna shi.

Mai wannan bincike ta taso ta ga misalin haka a cikin danginsu a ƙasar Gwaram. Wata gwaggonta ta yi shekara tara a gidan mijinta na fari ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta sayar da akuyoyinta da kwanonin jerenta wajen neman magani. Aka yi mata kishiya, ita ma shiru. Daga ƙarshe aure ya mutu, ta auri wani manomi mai 'ya'ya, kuma kafin shekara biyu ta haifi ɗa namiji. Babu wanda ya koma ya ba ta haƙuri a kan sunan da aka kira ta da shi shekara tara, kuma babu wanda ya ambaci abin da kowa ya gane game da mijin farko. Ita kanta ba ta taɓa ba da wannan labari a gaban maza ba. Irin wannan labari yana nan a unguwanni da yawa daga Birnin Kudu zuwa Sara da Basirka, kuma yana tafiya kabari tare da masu shi.

Al'ada ta tanadi wasu hanyoyin rage raɗaɗi, musamman riƙo, inda ɗan'uwa ko 'yar'uwa take ba wa marar haihuwa yaro ta raina. Sai dai riƙo ba ya ba ta matsayin uwar 'ya'ya a gidan miji. A rabon gado, matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumuni ne, wanda za ta raba da kishiyoyinta. Mai 'ya'ya takan ci gaba da zama a gidan a inuwar rabon 'ya'yanta, marar ɗa kuwa sau da yawa sai ta kwashe kayanta bayan takaba. Ke nan rashin haihuwa ya shafi matsuguni da abinci a lokacin tsufa.

Akwai kuma batun adana tarihi. Birnin Kudu ta shahara da zane-zanen shanu na mutanen da, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a tsakiyar shekarun 1950. Ya ruwaito cewa a wancan lokaci amare da ƙawayensu sukan je wajen waɗannan duwatsu a lokacin biki, suna kaɗa duwatsu masu amo. Zanen shanun yana nan, hukuma tana kula da shi. Abin da 'yan matan suke rerawa da abin da suke ji a ransu a wannan rana kuwa sai wanda tsofaffi suka riƙe. Wannan shi ne irin abin da fim ɗin zahiri yake iya cetowa tun masu shi suna da rai.

3.7 Matsaloli da Suka

Ba za a rufe wannan babi ba sai an kawo sukar da za a iya yi wa irin wannan aiki. Suka ta farko ita ce tonon asiri. Bahaushe yana daraja sutura, kuma yana ganin abin da ya faru a ɗaki bai kamata ya fito zaure ba, balle duniya. Wannan magana tana da ƙarfi, musamman a zamanin da ake iya yanko minti guda daga fim a watsa a WhatsApp domin izgili. Matar da ta yi magana tana iya rasa aurenta bayan mai fim ta tafi. A ra'ayin wannan bincike, amsar tana ga sharuɗɗan aikin: a nemi yardar mace bayan an fahimtar da ita inda hoton zai je, a ɓoye fuska ko suna idan ta buƙata, a nuna mata abin da aka tace kafin a fitar. Idan an cika waɗannan, sutura ba ta ketu ba. Ya kamata kuma a tuna cewa shirun da ake kira sutura, a batun rashin haihuwa, namiji yake rufa wa asiri, mace kuwa tuni an tona nata a gidan suna da bakin rijiya.

Suka ta biyu ta shafi kuɗi da masu kallo. Manyan fina-finanta biyu an yi su ne da haɗin gwiwar kamfanonin Turai, sunayen yawancinsu da Faransanci suke, kuma a bukukuwan ƙasashen waje aka fara ganin su. Matar da take daka a Fagam ba ta da hanyar zuwa Wagadugu ko Suwizalan. Idan waɗanda aka yi fim a kan irin rayuwarsu ba su gan shi ba, to amfaninsa ya ragu. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce, domin kasuwar fim ta Kano ta ginu ne a kan soyayya da waƙa da barkwanci, ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba jari inda ba ya hangen riba.

Suka ta uku ita ce tsoron kada baƙo ya ɗauka cewa rayuwar macen Hausa kuka ce zalla. Wannan ma abin lura ne. Matan Birnin Kudu da Gwaram suna noma, suna kiwo, suna adashi, suna sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida, suna koyarwa a makarantun Islamiyya, suna aikin jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mai son ya nuna gaskiyarsu dole ya haɗa da wannan.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar fim ɗin zahiri da yadda ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar majigi. An kawo waɗanda suka share fage, sannan aka bi tarihin A'isha Macky da fina-finanta huɗu daga 2011 zuwa 2021. An nuna cewa ƙarfin aikinta ya dogara ne a kan farawa da kanta, da bin hanyoyin zance da matan Hausa suka gada, da kuma kafa hujja daga cikin addini. Dangane da tambayar da aka yi a farko, babin ya nuna cewa ana iya ɗaukar rayuwar macen Bahaushe ba tare da keta mata sutura ba, matuƙar mai ɗaukar ta san gidan, ta nemi izini, kuma ta mayar wa masu labarin da abin da ta ɗauka. A babi na huɗu za a duba waƙoƙin niƙa da na daɓe na matan Birnin Kudu da Gwaram, domin a ga yadda su da kansu suke bayyana waɗannan matsaloli.